Tafiyar Ƙaro Sani: Kira ga Ƙungiyoyin Tsofaffin Ɗalibai

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa, wanda ke zuwa muku daga nan Jimeta. Muna gaishe da mutanen Jambutu da Damilu, da na Luggere da Nassarawo da Doubeli, da na cikin garin Yola, da na Girei a ƙetaren gada, har da 'yan uwanmu da ke kama mu a Fufore da Numan. Iyayenmu maza da mata, Allah ya ƙara girma. Direbobi da kamasho na tashar Jambutu, sannunku da aiki, Allah ya kiyaye hanya.

Yau maganarmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai take. Kusan babu makarantar da ke garin nan da ba ta da irin wannan ƙungiya. Akwai ta waɗanda suka gama Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya. Akwai ta Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, da ta Kwalejin Janar Murtala Muhammad, da ta Jami'ar Jiha da ke Mubi, har da 'yan baya-bayan nan na Jami'ar Amurka ta Najeriya. Kowane aji ma da nasa zauren a WhatsApp. Ana taruwa bayan Sallah ko ƙarshen shekara, a ɗinka anko, a ci a sha, a tuna da malamai, a yi wa mamata addu'a, a tara gudummawa ga wanda ke kwance a asibiti ko marayun da wani ya bari. Wannan zumunci ne, kuma Allah ya ba da lada.

Abin da nake so mu duba shi ne: mutanen da karatu ya haɗa, me ya hana karatu ya ci gaba da haɗa su? A wasu ƙasashe, musamman Amurka da Ingila, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'a takan shirya tafiya ta mako ɗaya ko biyu zuwa wata ƙasa, ta ɗauki malami masanin wurin ya bi ayarin. Da rana a ga abu da ido, da dare a zauna malam ya yi bayani, a yi tambayoyi. Likita da injiniya da ɗan kasuwa da wanda ya yi ritaya, duk su koma ɗalibai na 'yan kwanaki. Ina ganin mu ma za mu iya, kuma ina ganin mun fi su dalilin yi.

Kada wani ya ce ai wannan al'adar Turawa ce. Garin nan da muke zaune, matafiyi a neman ilimi ne ya kafa shi. Modibbo Adama ya bar gida ya tafi ƙasar Barno karatu, ya yi shekaru yana bin malamai, daga baya ya je ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya zauna a Gurin, ya zauna a Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841. Fataken Hausa da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, ko suke gangarowa nan Adamawa, ba ɗaiɗai suke tafiya ba. Ayari suke yi, da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da zango inda ake sauka. Sukan dawo da haja, su kuma dawo da labarin yadda wasu mutane ke noma da gini da shari'a.

A zamanin boko ma haka. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 kan hanyarsa ta aikin hajji. A 1943 kuma Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya shiga ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma da suka je Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Da ya dawo sai ya zauna ya rubuta abin da ya gani a littafin da ya sa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Mutum ɗaya ya yi tafiyar, amma dubban masu karatun Hausa suka amfana. Ku riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganarmu ta yau: abin da ke bambanta tafiyar ƙaro sani da yawon shaƙatawa shi ne abin da aka karanta kafin a tashi, da abin da aka kawo wa mutanen gida bayan an dawo.

(Gajeren kiɗa)

To, ina za a je?

Da zarar an ce ƙasar waje, hankalin mutane sai ya tafi Dubai ko Landan ko Istanbul. Daga nan sai ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, da wane kuɗin?" Shi ke nan magana ta mutu. Alhali mu mutanen Adamawa, ƙasar waje tana bayan gidanmu. Garwa da ke Kamaru ta fi Gombe kusa da mu. Kuma ba baƙuwar ƙasa ba ce. Kafin zuwan Turawa, Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo duk suna cikin ƙasar Fombina, wato tsohuwar masarautar Adamawa, lamiɓensu suna kallon Yola a matsayin uwa. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Lamiɗo Zubairu ya fita, Jamusawa suka kame mafi yawan ƙasar ta gabas. Bayan yaƙin duniya na farko aka raba rabon Jamus tsakanin Faransa da Ingila. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, yankin arewa da ke hannun Ingila, wato su Mubi da Ganye, ya zaɓi zama a Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Ka ga ke nan iyakar da ke tsakaninmu da su ƙarama ce a shekaru idan aka gwada ta da zumuncin da ke tsakani. Har gobe Fulatanci ne harshen kasuwa a arewacin Kamaru, kuma da wuya ka shiga babban gari ba ka sami unguwar Hausawa ba.

Bari in zana muku irin tafiyar da nake nufi, ta kamar mako guda.

Zangon farko Garwa. Gari ne a bakin wannan kogin namu na Binuwai. A da, idan ruwa ya cika da damina, jiragen ruwa na kamfanoni sukan taso daga teku, su wuce Lakwaja da Makurdi da Numan, su tsaya a Jimeta, su ƙarasa Garwa su ɗauko auduga da gyaɗa. A nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko. A nan hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, wanda aka kafa a 1974, mai ba manoma iri da taki bashi, ya sayi audugarsu idan ta nuna. Duk wanda ya karanta aikin gona ko tattalin arziki zai so ya zauna da manoman nan ya tambaye su: wannan tsari, ina daɗinsa, ina ɗacinsa? Me ya sa audugarsu ta ɗore, tamu ta ja baya? A kusa da garin akwai LANAVET, cibiyar da ke haɗa allurar rigakafin cututtukan dabbobi. Akwai kuma makarantar horar da masu kula da namun daji, wadda aka buɗe a 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. Mu da muke da gandun dajin Gashaka Gumti a tsakaninmu da Taraba, ai akwai abin tambaya a can.

Zango na biyu, madatsar ruwa ta Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Jama'a, wa ke garin nan da bai san wannan suna ba? Duk shekara idan damina ta yi nisa sai mu ji sanarwa: za a saki ruwan Lagdo, mutanen bakin kogi su tashi. Mun ga abin da ambaliyar 2012 ta yi, mun ga ta 2022. Gonakin shinkafa da masara suka nutse, gidaje suka rushe, mutane suka kwana a azuzuwan makaranta. Amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa a kan madatsar nan muka gan ta da idonmu? An gama gina ta a 1982, don samar da lantarki ga arewacin Kamaru da kuma noman rani. An daɗe ana maganar tamu madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, wadda za ta tare ruwan idan an sako shi, har yau ba ta tabbata ba. Ku ɗauka ayarin injiniyoyinmu da masana ƙasa da 'yan jarida sun nemi izini a hukumance, sun je, sun zauna da ma'aikatan wurin. Za su ji yadda ake auna ruwa, da matakin da idan ya kai dole a buɗe ƙofofi don kada madatsar kanta ta fashe, da kwanakin da ruwan ke ɗauka kafin ya iso Jimeta. Za su kuma gane cewa ba Lagdo kaɗai ke cika Binuwai ba: kogin Faro da Mayo Kebbi suna zubo nasu ruwan a ƙasa da madatsar, babu ƙofar da ke tare su. Wanda ya dawo da wannan sani, idan ya tsaya gaban manoman fadamar Geriyo ko mai unguwa yana bayani, maganarsa za ta fi jita-jitar waya nauyi. Wannan ilimi ne da ke iya ceton rai da dukiya.

Zango na uku, a hau tudu zuwa Ngaundare, tafiyar da ta kusa kilomita 280 daga Garwa. Gari ne mai sanyi, sama da mita 1,000 daga doron teku, kuma shi ne babban birnin yankin da mutanen Kamaru ma suke kira Adamawa. Akwai fadar Lamiɗo mai zaurukan ƙasa da rufin ciyawa, wadda duk mai karatun zanen gini ya kamata ya gani. Akwai jami'a, wadda ta zama cikakkiya a 1993, ta yi suna wajen koyar da sarrafa kayan abinci. Akwai cibiyar binciken kiwo a Wakwa, inda aka daɗe ana aiki kan shanun Gudali. A nan ne kuma layin dogo ya tsaya, wanda ya iso garin a 1974 daga Yawunde. Mu da ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa a Yola ba, ya kamata mu tsaya a tashar nan mu ga abin da layin dogo ke yi wa kasuwar gari: shanu da hatsi suna gangarawa kudu, kaya suna haurowa, manyan motoci na jiran ɗauka zuwa Chadi.

Idan hali ya yi, a ƙarasa Fumban, birnin Bamun. A can Sarki Ibrahim Njoya ya ƙirƙiro wa harshensu rubutu na kansa a ƙarshen ƙarni na 19, ya buɗe makarantu, ya sa aka rubuta tarihin ƙasarsa da magungunanta. Fadar da ya gina tana nan. Kuma tarihinsa ya haɗu da namu, domin mahayan Lamiɗon Banyo ne suka taimaka masa lokacin da aka yi masa tawaye yana matashi.

Kun ga mako guda ke nan, babu jirgin sama, amma an taɓo tarihi, an taɓo noma da kiwo, an taɓo ruwa da sufuri.

Ƙungiyar da ta fi ƙarfi tana iya miƙawa yamma. A Porto Novo ta Jamhuriyar Benin akwai Cibiyar Songhai, wadda wani limamin Kirista ɗan Najeriya, Godfrey Nzamujo, ya kafa a 1985. A can ake nuna yadda gona ɗaya ke haɗa shuka da kaji da kifi, kashin wannan ya zama takin wancan, babu abin da ake zubarwa. A Gana akwai zangunan Hausawa a Kumasi da Ankara, akwai Salaga ta fataken goro, akwai Kete Krachi inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana koyarwa har ya rasu a 1934. A bakin teku akwai gidajen Elmina da Cape Coast inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi, wurin da duk wanda ya shiga sai jikinsa ya yi sanyi. Masu sha'awar tarihin ilimin Musulunci kuwa, ga Azhar a Alƙahira mai shekara sama da 1,000, ga Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko, wadda mace, Fatima al-Fihri, ta assasa a shekara ta 859. Duka wuraren zuwa ne. Amma da na gaba ake ganin zurfin ruwa: a fara da na kusa, a koyi yadda ake riƙe ayari, sannan a nausa nesa.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai za su riƙa shirya tafiyar ƙaro sani zuwa ƙasashen waje. Yanzu sai mu juya ga shiri, domin a nan ne yawancin niyyoyi masu kyau ke lalacewa.

Abu na farko, a tsayar da tambaya kafin a tsayar da rana. Me muke so mu sani? Ƙungiyar malaman makaranta tana iya cewa: muna so mu ga yadda ake koyar da yaron da harshen gidansu Fulatanci ne, harshen ajinsu Faransanci. Ta ma'aikatan lafiya ta ce: muna so mu ga yadda suke tafiyar da rigakafi a ƙauyukan kan iyaka, tun da cuta ba ta nuna fasfo. Idan tambaya ta tsaya, ita za ta zaɓi gari, ta zaɓi wanda za a gani, ta zaɓi malamin da zai bi ku.

Na biyu, a yi karatu tun daga gida. Wata biyu ko uku kafin tashi, a riƙa zama ana sauraron masani. Jami'o'inmu cike suke da malaman tarihi da na ƙasa, wasu sun yi ritaya suna zaune a unguwanninmu, babu mai tambayarsu. Akwai littafin Farfesa Sa'ad Abubakar kan lamiɓen Fombina, wanda ya fito a 1977. Akwai ayyukan marigayi Eldridge Mohammadou, wanda ya bi fadojin arewacin Kamaru yana tattara tarihi daga bakin dattawa, ya kuma koyar a Jami'ar Maiduguri. A shiga gidan tarihi na fadar Lamiɗo a nan Yola a ga abin da ke ciki. Abin kunya ne mutum ya je fadar Ngaundare yana ɗaukar hoto, a tambaye shi labarin fadar garinsu ya yi shiru.

Na uku, a rubuta wasiƙa. Jami'a ko madatsar ruwa ko cibiyar bincike ba kasuwa ba ce da za a faɗa mata ba sallama. A rubuta da sunan ƙungiya, a haɗa da takardar shaida daga makarantar da kuka gama, a fassara zuwa Faransanci, a aika da wuri, a jira amsa. Idan za a gaida sarki, a bi ta hanyar da aka saba, a nemi shawarar fada tun daga nan. A tanadi tsaraba daidai gwargwado, a sa tufafin mutunci. A ɗauki mutum biyu aƙalla masu jin Faransanci da Fulatanci sosai.

Na huɗu, takardu. Kowa ya mallaki fasfo mai sauran kwana, da katin allurar shawara, wanda ake tambaya a kan iyakoki da filayen jirgi. Ku sani cewa Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka dokar shige da fice ta 1979, wadda ta ba ɗan Najeriya damar kwana 90 a Gana ko Benin ba biza, ba ita ke aiki a can ba. Nijar da Mali da Burkina Faso ma sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Saboda haka sakatare ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin shige da fice ya ji ƙa'idar da ake kai a lokacin tafiyar. A bi ta ƙofar da hukuma ta sani, a buga hatimi wajen shiga da wajen fita. Ayarin masu ilimi ba ya bin ɓarauniyar hanya, ko da ɗan acaɓa ya ce ta fi sauri. Wani abin lura kuma, sefa iri biyu ce: ta Kamaru da Chadi daban, ta Nijar da Benin daban. Darajarsu ɗaya, amma ba a karɓar wannan a kasuwar waccan. Kada a yi canji a makance.

Na biyar, tsaro da lafiya. Ba a ɓoye ba, yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, wajajen duwatsun Mandara da tafkin Chadi, ya sha fama da Boko Haram kamar yadda Madagali da Michika suka sha, kuma akwai dazuzzukan da ake satar mutane. A tambayi jami'an tsaro, a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum. A yi tafiya da rana, a sauka kafin magariba. A zaɓi lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe, zafi bai tsananta ba. A tafi da ma'aikacin lafiya, kowa ya faɗi ciwonsa tun a gida, mai hawan jini da mai ciwon sukari su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiya. A bar wa iyalai jadawalin inda za a kwana kowace rana.

Na shida, kuɗi, kuma a nan nake roƙon ku kasa kunne. Kuɗi ne ke raba 'yan aji ɗaya da suka yi shekara talatin suna zumunci. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire ko sisi. A riƙa zubi wata-wata kamar adashi, shekara guda kafin tafiya, don ma'aikaci mai ƙaramin albashi ya samu shiga. A karanta lissafi a bainar jama'a kafin tashi da bayan dawowa. Idan za a yi hulɗa da kamfanin shirya tafiye-tafiye, a tabbatar yana da rajista da ofishi da za a iya zuwa, a rubuta yarjejeniya, a karɓi rasit. Duk wanda ya ce ku turo kuɗi cikin asusunsa na kansa yau-yau don gurbi zai ƙare, ku yi hattara da shi.

Akwai kuma wata ɓarna da dole in ambata. Wasu kan fake da sunan ziyarar ilimi don su sami biza, idan an isa su sulale su ɓace. Wasu miyagu kuma suna amfani da irin wannan suna su yaudari 'yan mata da samari su kai su aikin bauta. Mutum ɗaya ya gudu, an rufe ƙofa ga ƙungiya gaba ɗaya, an ɓata sunan makaranta, an jawo wa na baya wahala. Shugabanni su san kowane mutum da ke cikin jerin sunaye. Wanda ba ɗan ƙungiya ba, ba a sayar masa da gurbi, ko nawa zai biya.

(Gajeren kiɗa)

Sauran tambaya biyu: wa zai je, kuma me za a kawo?

Idan aka bar abin ga masu hali kaɗai, ya zama taron manya, ba na 'yan makaranta ba. A ajinku akwai wanda ya zama kwamishina, akwai wanda har yau yana koyarwa a firamaren ƙauye. Wallahi na biyun nan ya fi kowa buƙatar tafiyar, domin yara 60 ko 70 ke jiran abin da zai faɗa musu. Masu ƙarfi su ɗauki nauyin kujera ɗaya ko biyu ba tare da an yi shela ba. A ware gurbi ga tsohon malaminku da ke da sauran ƙarfi, a ware ga ɗalibai biyu masu hazaƙa da ke makarantar yanzu, mace da namiji, da yardar iyayensu. 'Yan uwa mata kuma a sa su cikin kwamitin shiri tun farko, su faɗi irin masauki da lokacin da zai dace da su da iyalansu. Da yawa daga cikinsu su ne shugabannin makarantu da manyan ma'aikatan jinya a garin nan, tafiyar da ta bar su a baya ta bar rabin amfaninta.

Sai abin da za a kawo. A 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Yola a zamanin Lamiɗo Lawal. 'Yan kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi. Amma a hanyarsa ya rubuta sunayen garuruwa da koguna, da abin da ake nomawa, da abin da ake sayarwa a kasuwa. Har yau masu binciken tarihinmu suna komawa ga littafinsa. Baƙo ya yi kwanaki ya bar abin da ake karantawa bayan shekara sama da 170, saboda ya riƙe alƙalami. Mu ma kowa ya tafi da littafin rubutu. Kowace rana a naɗa mutum biyu su rubuta abin da aka gani da abin da aka ji. Bayan sallar isha'i a zauna rabin sa'a a tattauna: me ya ba ka mamaki yau? Me suka fi mu? Me muka fi su? Hoto yana da amfani, amma a nemi izini kafin a ɗauka, kuma a guji ɗaukar sojoji da gadoji da gine-ginen gwamnati.

Idan an dawo, kada a wuce wata guda ba a koma makarantar da ta yaye ku ba. A tara ɗalibai a babban ɗaki a ba su labari, a nuna musu hotuna, a bar su su yi tambaya. A rubuta rahoto gajere da Hausa da Fulatanci da Turanci, a ajiye a ɗakin karatu, a kai wa ma'aikatar da abin ya shafa. A zaɓi abu guda, guda ɗaya tak, da za a gwada a gida: ƙaramar gonar gwaji a bayan makaranta, ko kwamitin gargaɗin ambaliya a unguwa, ko ajin koyon Faransanci na yamma, ko musayar malamai tsakanin jami'armu da ta Ngaundare. Sannan a gayyato waɗanda suka karɓe ku su ma su zo. Muna da abin nunawa. Ga Sukur a Madagali, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, ita ce ta farko a Najeriya. Ga Gurin, ga madatsar Kiri, ga fadar Lamiɗo. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ba ta mutum ɗaya ba ce.

Saboda haka, shugabannin ƙungiyoyi da sakatarori, ga aikin da na ba ku. A taronku na gaba, bayan an karanta bayanin taron baya, a sa wannan batu a ajanda. A naɗa mutum biyar, cikinsu har da mata, a ba su wata biyu su kawo tambayar da za a tafi da ita, da garin da za a je, da abin da kowa zai riƙa zubawa a wata. Idan kun je kun dawo, ƙofar wannan shiri a buɗe take, ku zo ku zauna a gaban makirufo ku gaya wa jama'ar Adamawa abin da kuka gano.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)